Tarwaɗa a Tsohon Tanki

Talata, 4 ga Nuwamba, 1975

Yau ma na tashi da wuri, na yi aski, na goge takalmi. Sai da na ɗauko hular kaki sannan na tuna. Na mayar da ita kan ƙusa. Matata Lois tana shara a tsakar gida, ta ga komai, ta yi kamar ba ta gani ba.

Fiye da shekara ashirin ina aikin duba-gari a garin nan, har na zama babba a ofis. Sai ga layi biyu a takarda: an sallame ka saboda ƙwazonka ya ragu. Ba sata ba, ba cin hanci ba. Amma a jarida tare aka jera sunayenmu da na waɗanda suka ci kuɗin gwamnati, wa zai tsaya ya tantance? Sharar ma'aikata da gwamnatin soja take yi ba ta duba fuska.

Mun bar gidan gwamnati, mun dawo namu na unguwar Kumbiya-Kumbiya, wanda na gina don tsufa. Ban zaci zan shige shi da wuri haka ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ban je sujada ba. Ba zan iya da idon mutane ba, balle masu cewa “sai haƙuri, Malam Ernest” kamar an yi mini rasuwa. Lois ta dawo ta ce Fasto ya tambaye ni.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na wuni a bayan ɗaki, ƙarƙashin darbejiya, ina kallon tsohon tankin nan. A gwanjon reluwe na saye shi tun 'yata Christy tana firamare, da niyyar in ɗora shi a kan ginshiƙi mu riƙa tara ruwan sama. Aiki bai bar ni ba. Yanzu tsatsa ta ci gefensa, kajin Lois suna ƙwai a gindinsa.

Na hau kujera na leƙa ta bakinsa. Akwai ragowar ruwan damina a ƙasa, ga tsutsar sauro tana ta wutsil-wutsil. A gidana! Da a gidan wani na gani, da tuni na rubuta sammaci.

Ina tsaye a wurin sai Baba ya faɗo mini a rai. A garinmu Hinna, bakin kogin Gongola, yakan cika tsohon kwalekwale da ruwa ya zuba tarwaɗa da ransu, su yi makonni a ciki. Ban taɓa ganin tsutsar sauro a kwalekwalen nan ba, kifin ke cinye ta. Rabona da tuna wannan tun ina makarantar mishan.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na faɗa wa Lois. Ta ajiye tsintsiya.

“Kifi? A Gombe? Garin da mutum ke wanka da kwano ɗaya?”

Na ce ai famfonmu yana kawowa da safe.

“Yanzu yana kawowa, Baban Christy. Bari bazara ta shigo.”

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara. Amma da yamma na ga ta kwashe akurkin kajinta daga gindin tankin.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Maƙwabcinmu Malam Rabe, mai walda, mutumin Katsina, ya shigo da kayan aikinsa. Ya zagaya tankin yana ƙwanƙwasa shi da guduma yana saurare, kamar mai sayen kankana. Ya ce ƙarfen Turawa ne, sama ce ta lalace, gindin da sauransa. Ya yanke saman da wuta, ya toshe ramuka biyu, ya goge bakin don kada ya yanki hannu. Abin da ya rage ya kai mini ƙugu.

Muna cikin aiki sai mahaifiyarsa, Iya, ta leƙo ta kan katanga.

“Me nake ji? Duba-gari zai tara ruwa a gidansa?”

Ta yi dariya har da tari. Malam Rabe ya ce, “Iya, ki bar malam ya yi aikinsa.” Ni dai na sunkuyar da kai. Ba wanda ya kira ni da sunan nan tun da aka sallame ni, kuma na kasa gane ko zolaya ce ko girmamawa.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Kankare tsatsa. Buroshin waya, tsakuwa, toka. Tafin hannuna duk ya yi bororo. Na haƙa rami mun tura rabin tankin ciki, saboda ƙarfe da ranar Gombe ai dafa kifin za su yi.

Barci nake yi yanzu kamar an doke ni. Abincin ma ina gamawa.

Litinin, 8 ga Disamba

Na shafe cikin da kwalta, shafi biyu, don kada tsatsa ta dawo. Malam Rabe ya sa mini bututu da kan famfo a gefe ta ƙasa, ya fito cikin wani ɗan rami, don zubar da ruwa idan ya ƙazantu.

Litinin, 15 ga Disamba

Naman layya daga gidan Malam Rabe, cinya guda.

Inuwa ya zo. Ni na koya masa aiki tun yana ɗan sabon shiga, ni na nuna masa yadda ake duba mahauta da rijiya. Yanzu shi ke zaune a kujerata. Na ji sallamarsa daga zaure, na ce wa Lois ta ce ba na nan. Kekena yana jingine a zauren, ya san ina ciki. Ya ce a gaishe ni, ya tafi.

Me ya zo gani?

Juma'a, 26 ga Disamba

Christy ta zo hutu daga makarantar jinya. Ta tsaya a kan tankin, ta dube shi, ta dube ni. Daga baya na ji tana tambayar uwarta da yarenmu na Teranci, ƙasa-ƙasa, ko lafiyata ƙalau. Lois ta ce, “Ya fi watan jiya.”

Jiya sun tafi sujadar Kirsimeti da sababbin kaya. Na tsare gida.

Na aika wa ƙanena Noah saƙo a Hinna ta hannun direban lori, ya samo mini 'ya'yan kifi.

Talata, 6 ga Janairu, 1976

Sun iso! Cikin garwa, an rufe da ciyawa. Ƙananan karfasa da tarwaɗa, kamar yatsa. Na zuba su a hankali, suka watsu, suka ɓace a cikin baƙin ruwan. Na daɗe a tsugune. Har Lois ta kawo mini abinci nan.

Alhamis, 8 ga Janairu

Sun mutu. Duka.

Asabar, 10 ga Janairu

Shekaranjiya da na leƙa, fararen cikkuna na gani birjik a saman ruwa. Na koma ɗaki na ja ƙofa. Jiya ban fito ba. Abin da ke yawo a kaina: wataƙila masu takardar nan sun yi gaskiya. Mutumin da ya kasa riƙe kifi kwana biyu.

Yau Lois ta turo ƙofa ba sallama. Ta ce ta kwashe su ta binne a gindin gwanda. Ta ce saman ruwan yana da maiƙo mai ƙyalli, yana warin kananzir.

Kwaltar ce. Ban bari ta bushe sosai ba, ban wanke ba, na zuba rai a ciki. Ni da na yi shekaru ina hana mutane ajiye ruwan sha a durom ɗin mai.

Na ce mata shi ke nan, a sayar wa masu gwangwan. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

“Na yi magana da Malam Rabe. Akwai ɗan kwangilar da yake yi wa ƙofofi, zai rage mana rabin buhun siminti.”

Na ce ai ke ce kika ce babu ruwa a Gombe.

“Har yanzu babu. Amma gara ka yi ta fama da tanki da ka yi ta kallon bango.”

Laraba, 21 ga Janairu

Na kankare kwaltar iya yadda zan iya. Mun shimfiɗa ragar waya a ciki, na yaɓe da siminti da yashi mai laushi. Wannan karon ba gaggawa. In cika, in bar shi ya kwana biyu, in zubar, in sake cikawa, har zafin simintin ya fita. Ruwan da nake zubarwa na farko rariya na sakar wa, na baya-bayan nan kuma Lois ta ja shi zuwa wasu 'yan kwamai, ta shuka alayyafo da yakuwa.

Yau da safe na tarar da kwaɗo a ciki. Ban san ta inda ya zo ba. Na bar shi. In ya kwana lafiya, ruwan ya yi.

Alhamis, 22 ga Janairu

Ya kwana lafiya. Har da kuka.

Litinin, 2 ga Fabrairu

Noah ya sake aikowa, tarwaɗa zalla, ya ce sun fi jure wahala. Ya haɗo da kainuwa cikin kwano don ta rufe saman ruwa. Na kafa rumfar zana a kai, na ɗaura tsohuwar raga saboda shirwa da kyanwar Iya. Na jefa tukunya fasasshiya biyu a ƙasa, su sami wurin ɓuya.

Abinci: dusa da dakakken ƙuli-ƙuli, kaɗan, safe da yamma. Hannuna yana so ya ƙara, ina hana shi.

Laraba, 4 ga Fabrairu

An ƙirƙiro sababbin jihohi, yanzu mu 'yan Bauchi ne, ba Maiduguri ba. Malam Rabe ya ce za a buɗe ofisoshi da yawa, wataƙila a nemi tsofaffin hannu. Na ce masa ya miƙo mini filaya.

Kifin duk suna da rai.

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Tun safe rediyo yake kiɗan soja. An ce an harbe shugaban ƙasa a Legas. Kasuwa ta watse, kowa ya shige gida. Malam Rabe ya tsaya a bakin katanga yana share hawaye da hularsa, yana cewa mutumin ya zo gyara ne aka hana shi.

Gwamnatinsa ce ta kore ni. Na sha zama a nan ina raya abin da zan ji ranar da Allah zai saka mini. To ga ranar, in ita ce. Na duba cikina ban sami komai ba sai nauyi. An ce yana da ƙananan yara.

Na ba kifi abinci. Suka taso suna ɗauka da gashin bakinsu, ba ruwansu. Da yamma Lois ta yi addu'a domin ƙasa, na ce amin da ƙarfi, har ta buɗe ido ta dube ni.

Talata, 24 ga Fabrairu

Inuwa ya dawo, wannan karon cikin kaki, da hula, da dogon ludayin da muke ɗibar ruwa mu duba. Da kayan aiki ya zo, ba damar a ce ba na nan. Na san doka, ni na koya masa ita.

Ya cire hula ya rusuna. “Ranka ya daɗe, an ce akwai ruwa a kwance a gidan nan.”

Na ce, “Ga shi can. Yi aikinka.”

Na tsaya gefe, hannu a aljihu. Ina ta lissafin wanda ya kai ƙara. Iya? Mutanen bayan layi? Ya ɗaga ragar, ya ture kainuwa, ya ɗebi ruwa daga gefe inda na koya masa, ba daga tsakiya ba. Ya ɗaga ludayin ga haske. Ya sake ɗiba ta wani gefen. Babu tsutsar sauro ko ɗaya. Wata tarwaɗa ta taso ta bugi ludayin, ya yi baya da sauri har ruwa ya ɓata masa wando.

Na ce, “Wa ya kai ƙara?”

Ya sunkuya yana matse wandon. Sannan ya ce, “Ba kowa, ranka ya daɗe. Na rasa ta inda zan shigo ne.”

Na ce wa Lois ta kawo tabarma.

Ya zauna har la'asar. Ya ce bai nemi kujerar ba, ranar da aka ce ya koma ofishina sai da ya yi mako yana aiki a kan bencin baranda. Ya ce mahauta sun raina shi, kwatar ta koma yadda take da. Ya tambaye ni yadda na yi da su a shekarar kwalara. Na faɗa masa. Na yi ta magana, ban san ina da sauran magana haka ba.

Da zai tafi ya ce ko zai iya dawowa. Na ce gidan ba a kulle yake ba.

Lahadi, 7 ga Maris

Kifin sun kai tsawon tafin hannu. Sun san inuwata, da na tsaya sai su taru. Akwai wata mai karyayyen gashin baki da take ture kowa.

Zafi ya fara.

Asabar, 13 ga Maris

Famfo ya ɗauke. Jiya ya yi tari ya tofo jan ruwa, yau ko iska babu. An ce injin turo ruwa ne ya lalace, an ce kuma rijiyoyin ne suka ja baya. 'Yan garuwa sun daina shigowa layinmu, a bakin titi ake tare su.

Lois ta fara bin mata zuwa famfon bakin kasuwa, shi kaɗai ke kawowa a wannan ɓangaren. Ta tafi da sassafe, sai hantsi ta dawo da bokiti ɗaya a ka, ta sake komawa.

Ba ta ce “na faɗa maka” ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 18 ga Maris

Ruwan tankin ya yi kore, ya fara wari. Kifin suna tasowa suna haɗiyar iska. Dole a rage a ƙara sabo. Na ɗebi bokiti biyu daga randar Lois lokacin da ta fita. Ta dawo ta buɗe randar, ta tsaya, ta rufe. Ta ɗauki gammo ta fita.

Laraba, 24 ga Maris

Ina ba kifi abinci Iya ta leƙo.

“Duba-gari, ina da tambaya. Kifi nawa ne kuɗin wuyan mace?”

Na ce ban gane ba.

“Ka gane. Matarka ba yarinya ba ce. Jiya a layin famfo sai da aka ɗora mata bokitin sau biyu.”

Raina ya ɓaci, na ce Iya, wannan maganar gidana ce. Ta ce ai katangar gajera ce, ba ita ta gina ba. Ta sauka.

Da rana na ga Lois a ɗaki tana shafa man zafi a bayan wuya, hannunta ba ya kaiwa inda take so. Na tsaya a ƙofa. Na wuce.

Malam Rabe ya ce a cinye su kawai a huta, in damina ta zo a sake. Ba su isa ci ba. Kuma ba wannan ba ne. In tankin nan ya koma fanko, me zan tashi in yi da safe?

Famfon bakin kasuwa kuwa a kan hanyar ofis yake. Duk motar ma'aikata ta nan take bi.

Lahadi, 28 ga Maris

Lois ta faɗi. A kwalbatin bakin layi, da bokiti a ka, tun kafin lokacin sujada. Khadijatu, matar Malam Rabe, ita ta riƙo ta har gida. Idon sawun ya kumbura, gwiwa ta goge. Na duba, ba karaya, targaɗe ne. Na ɗaure mata.

Ina ɗaurewa tana cewa, “Ruwan ne ya ba ni haushi. Na kusa isowa.”

Randa ƙasa-ƙasa. Khadijatu ta kawo mana buta biyu daga nasu, su ma ba su da shi.

Na je na zauna a gindin darbejiya. Kifin suka taru suna jira. Na daɗe ina kallonsu ban jefa komai ba.

Litinin, 29 ga Maris

Na ari garwa biyu da sanda a wurin Malam Rabe. Ya dube ni, ya gyara mini igiyar.

Layin ya kai har rumfar masu gyaran keke. Mata, 'yan garuwa, bokitai a jere kamar an shuka su. Da na ajiye garwata surutu ya ragu. Wata ta ce, “La, Duba-gari ne.” Wata ta jawo bokitinta ta ce in wuce gaba. Na ce a'a, inda na samu layi nan zan tsaya. Rana ta fito sosai. Wani tsoho ɗan garuwa ya ce ya ji an ce ina kiwon kifi a cikin ƙarfe, gaskiya ne? Ashe duk unguwa an sani. Ya tambayi abin da suke ci. Matan suka sa baki, wata ta ce ƙarya ne sai ta gani da idonta. Na ce ta zo.

Ban san sandar nan tana cin kafaɗa haka ba. Ina tsallaka titi, ruwa yana fallatsa mini a ƙafa, sai ga motar ofis. Direban ya rage gudu. Mutum uku a ciki, duk na san su. Hannuna ɗaya yana kan sanda, na ɗaga ɗayan. Suka ɗaga. Motar ta wuce. Shi ke nan, ashe.

Sawu uku na yi. Da yamma ni da Malam Rabe muka kwashe rabin kifin, manya-manyan, don sauran su sami sarari. Na aika wa Iya nata. Lois ta zauna a kujera, ƙafa a kan turmi, tana faɗa mini yadda ake farfesu, tana cewa na cika gishiri.

Ta tambaye ni sawu nawa na zuba wa kifi. Na ce ɗaya. Ta ce sauran biyun fa? Na ce randar ce ta fi kusa da ƙofa.

Kafaɗata kamar ba tawa ba. Garwar tana nan, ban mayar ba. An ce in mutum ya je da wuri layin bai kai haka ba.